Wa Ya Ba da Sunan Malama Comfort

A daminar 1983 ruwa ya yi wa mutanen Ƙauran Namoda rowa, siyasa kuwa ta yi musu yawa. Gero ya tsaya iya gwiwa yana jiran hadari, motocin 'yan jam'iyya suna zagaya gari da lasifika tun safe. An riga an yi zaɓuka huɗu, Asabar bayan Asabar, saura na majalisar jiha. A yankin, kujerar tana tsakanin mutum biyu: Alhaji Gado, wanda ke kanta, da wani tsohon malamin gona da ake kira Malam Sabo.

Malama Comfort ba ruwanta da ko ɗayansu. 'Yar kudancin Zariya ce, aure ya kawo ta Ƙaura shekara goma sha tara da suka wuce. Mijinta John mai duba layin dogo ne, a nan ƙarshen layin ya yi aiki har ciwo ya ɗauke shi, a nan kuma aka binne shi. Danginta sun yi ta kira ta koma gida, ta ce aikinta na koyarwa yana nan, 'yarta Rose kuma tana koyon aikin jinya a Sakkwato. Daga makaranta sai gida, daga gida sai coci da taron Zumuntar Mata.

Ranar Litinin tana cikin aji hedimasta ya leƙo da kansa, abin da bai saba yi ba, ya miƙa mata wata takarda mai hatimi.

"Malama, an sa ki aikin zaɓe. Ke za ki riƙe rumfar Tungar Rimi, can bayan Birnin Tsaba."

"Ni, ranka ya daɗe? Ban nemi aikin nan ba."

"Ni ma ban ba da sunanki ba. Wanda ke riƙe da rumfar ya ce ba shi da lafiya. Haka na ga takardar, haka na kawo miki."

Yana magana yana kallon allo, bai dubi idonta ba ko sau ɗaya. Da ya fita ta sake karanta takardar. Malamai maza sun fi ashirin a makarantar, wasunsu har roƙo suka yi a sa su ba a sa su ba. Tungar Rimi kuma ƙasar Zurmi ce, ba ta taɓa taka ta ba. To wa ya san ta har ya rubuta sunanta, ita gwauruwa baƙuwa? Ta ninke takardar ta cusa a jaka, ba ta gaya wa kowa ba.

Da yamma tana tsince shinkafa a tsakar gida aka yi sallama. Dattijo Augustine ne, sakataren ekilisiya, mai kemis a bakin tasha, aminin marigayi mijinta. Shi ya tsaya kan jana'izar John, shi ya kai Rose Sakkwato ranar da za ta fara makaranta.

"Maman Rose, ashe an ba mu aiki," in ji shi tun kafin ya zauna.

Hannunta ya tsaya a cikin faifai. "Wa ya gaya maka, Dattijo?"

"Haba, Ƙaura ce fa. Mai kemis ba abin da ba ya ji."

Ta ba shi kujera da ruwa. Ya tambayi Rose, ya yi kukan rashin ruwan sama, sannan ya gangaro kan abin da ya kawo shi. Shekara shida ke nan 'yan ekilisiya suna sujada a wani tsohon ɗakin ajiya kusa da tasha, rufin yana yoyo, mata suna zama a waje in an cika. Sun nemi filin gina coci sun gaji. Yanzu Alhaji Gado ya yi alkawari, da bakinsa, in ya koma kujera takardar fili za ta fito.

"Ba na ce ki yi wani abu ba," in ji Augustine, ya sassauta murya. "Mu masu bi mun san Allah ne ke ɗora mai mulki, shi ne ke sauke shi. Wanda zai ci ya riga ya ci a wurin Ubangiji. Rumfa ɗaya a ƙauye ba za ta sake komai ba. Ke dai kada ki cika tsauri. Ki je lafiya, ki dawo lafiya."

"Tsauri kamar yaya?"

"Ke ma ba yarinya ba ce."

Ta raka shi bakin ƙofa. A lokacin ne ta lura da wani mutum dogo, siriri, mai shuɗiyar riga da malfa, jingine da keke a gindin darbejiyar da ke tsallaken hanya. Ba ɗan unguwar ba ne. Da ya ga ta dube shi sai ya sunkuya yana taɓa sarƙar keken.

Washegari ta sake ganinsa a bakin makaranta. Ranar Laraba yana kusa da masu tumatir a kasuwa, bai sayi komai ba. Ta ce a ranta yaron Alhaji Gado ne, an sa shi ya ga ko mutanen Malam Sabo suna zuwa wurinta. Can kuma ta ce wa ya sani, watakila na Malam Sabo ne. Ta fara sa sakata da rana tsaka.

Akwai wata Bafulatana, Inna Hindu, wadda shekara goma sha biyu take kawo mata nono duk ranar kasuwa. Tana sauke ƙwarya ran nan, tana auna mata, sai ta ce, "Malama, ran Jumma'a za ki tahi ko sai Asabar da sahe?"

Comfort ta ji kamar an watsa mata ruwan sanyi. "Ina za ni, Inna?"

"Wurin aikin da anka ba ki."

"Wa ya aiko ki ki tambaye ni?"

Tsohuwar ta ɗago ta dube ta. Comfort ta tura mata kwanon. "Yau ba na son nono. Ki kai gaba."

Inna Hindu ta juye nonon cikin ƙwaryarta, ta rufe da faifai, ta ɗora a ka ta fita. Comfort ta tsaya tana jin kunyar kanta, amma kunyar ba ta kori zargin ba.

Ranar Alhamis ta tafi wurin Fasto Ezekiel. Ta zayyana masa komai, ban da sunan Augustine. Faston ya saurara yana gyaɗa kai, ya ce mulki duka a hannun Allah yake, ba mai ƙwace shi da ƙarfi ko da dabara. Ya ce ta yi addu'a, ta kuma yi hikima. Ya ɗora mata hannu ya yi mata addu'a mai tsawo. Tana fitowa ta hangi bandir ɗin sabon kwanon rufi jingine a bayan ɗakinsa. Watakila 'yan ekilisiya ne suka haɗa suka saya, an daɗe ana maganar. Watakila kuma ba su ba ne. Duk hanya tana juya kalmar nan ta hikima, ta rasa ko nufinsa ta tsaya ne ko ta sunkuya.

Abin da ya fi damunta shi ne addu'a ta ƙi yi mata. Tana durƙusawa da safe, kafin ta kai "Ubanmu" sai fuskoki su taso mata: hedimasta, Augustine, mai keke, har Faston. Ran Jumma'a ta gaji ta ce, "Ya Ubangiji, ban san wa ke tare da ni ba. Kai ka sani. Ni dai kada ka bar hannuna ya rubuta abin da idona bai gani ba." Iyakar abin da ta iya faɗa ke nan.

Asabar da hantsi wata a-kori-kura ta sauke ta a Tungar Rimi, ita da akwati, da littafin rajista, da wani ɗan sanda guda mai sanda ba bindiga. Ƙauyen bai fi gida sittin ba, da rugagen Fulani a gefen fadama. An kafa rumfar zana a gindin rimin da ƙauyen ya ci sunansa. Wakilin Malam Sabo wani manomi ne mai shiru-shiru. Wakilin Alhaji Gado kuwa, Usmanu, ɗan birni ne, da agogo da baƙin tabarau, ya tarbe ta da fara'a kamar sun shekara da sanin juna.

"Malama Comfort! Sannu da hanya. An ba mu labarinki."

"Wa ya ba ku?"

Ya yi dariya kawai.

Maza suka fara layi. Tana duba suna, tana dangwala tawada, tana miƙa ƙuri'a. Wani dattijo mai farin gemu, wanda ta ji ana kira Liman, ya shimfiɗa buzu a inuwar masallaci daura da rumfar, bai tashi ba sai don salla, idonsa kuma bai bar hannunta ba. Tana ɗaga kai wajen azahar sai ga mai shuɗiyar riga, tsugune kusa da Liman, kekensa jingine da katanga. Ashe har nan ya biyo ta.

Bayan azahar mata suka fito, lulluɓe, rukuni-rukuni. A cikin matan ruga ta ga Inna Hindu. Tsohuwar ta miƙo yatsa aka sa mata tawada, ta jefa ƙuri'arta, ta wuce ba gaisuwa. Comfort ta ce a ranta, to, duk bakinsu ɗaya ke nan.

Wata mata mai suna Barakatu, matar Liman, ta aiko da tuwon dawa da miyar kuka da kwanon ruwa. Tun shayin asuba Comfort ba ta sa komai a ciki ba, amma ta tuna labaran da ake bayarwa a ɗakin malamai, na jami'an da aka ba abinci suka yi barci suka farka an cika akwati. Ta yi godiya ta ture kwanon ƙarƙashin tebur. Ɗan sandan ne ya cinye tas, ya kuma ci gaba da zare ido garau har yamma.

Da la'asar layi ya ƙare. Ta fasa hatimin akwati a gaban kowa, ta zazzage kan tabarma, ta ware ƙuri'u tana ɗaga kowace sama. Malam Sabo ya sami ɗari da tamanin da bakwai, Alhaji Gado sittin da huɗu, tara sun lalace. Ta sake ƙirgawa, haka ya fito. Ta jawo takardar sakamako za ta cika.

Usmanu ya matso ya dafa teburin. Ya zaro wata takardar daga aljihu, irin tata sak, har da hatimi, an riga an cika ta. Gado ɗari huɗu da goma, Sabo talatin. Wurin sa hannunta kaɗai ya rage.

"Don kada ki wahala," in ji shi a hankali. "Sa hannu nan, mota na jiranki, kafin magariba kina gidanki."

"Mutanen da ke cikin rajistar nan duka ba su kai ɗari uku ba."

"Ba wanda zai duba. Malama, dattijonku ya ce ba ki da matsala. Kuma ku kuna da buƙata a Ƙaura, ko ba haka ba?"

Maganar ta soke ta fiye da yadda ta zata. Ta dubi ɗan sandan, ya juya yana kallon fadama. Wakilin Malam Sabo ya sunkuyar da kai. Liman da mai keke suna kallonta daga inuwar masallaci, ba ta san na wa ne su ba. Ba ta da kowa a wurin nan, hanyar Zurmi kuma ba ta san ta ba.

"Ke Kirista ce," in ji Usmanu. "Ku ma kun yarda Allah ke ba da mulki. Alhaji ya ci, ko da ke ko ba ke. Me za ki jawo wa kanki?"

A nan ne abin da ya kwana biyar yana cukurkuɗe a ranta ya warware. Maganar da Augustine ya faɗa ce, ga ta kuma a bakin wani. Gaskiya ce kuwa, ta yarda da ita tun tana yarinya. Amma sai yanzu ta ga inda suke karkatar da ita.

"Na yarda," ta ce. "Allah ke ba da mulki. To in ya ba Alhaji, me yake nema da ƙaryata? Wanda ya yi sama da ƙasa ba ya jiran alƙalamin Comfort ya taimake shi. In ya ga dama ya ɗora Alhaji da ƙuri'ar wasu garuruwan. Ni abin da aka ba ni riƙo shi ne na nan, na nan kuma ga shi a kan tabarma."

Ta cika takardarta, ta sa hannu, ta miƙe ta karanta lambobin da ƙarfi yadda har matan da ke leƙe ta kan darni suka ji. Wakilin Malam Sabo ya dangwala yatsa. Usmanu ya ƙi. Ya ninke tasa ya mayar aljihu, fara'ar nan ta ɗauke.

"Za ki gane kurenki," ya ce.

Ya yi wa direban a-kori-kurar magana a kunne. Kafin ta gama ɗaure akwati motar ta tashi, da Usmanu a gaba da ɗan sandan a baya. Suka bar ta tsaye a gindin rimi da akwati a ƙafa.

Sai Liman ya tashi daga buzunsa, mai keke yana biye da shi. Comfort ta rungume jakarta ta ja da baya har ta jingina da zana.

"Malama, sannu da aiki," in ji Liman. "Zamna ki huta. Wanga ƙanena ne, Nagoggo. Shi za ya kai ki Zurmi."

"Ba inda zan bi shi. Kwana biyar yana bina a Ƙaura. Wa ya sa shi?"

"Ni."

Ta tsaya tana dubansa.

Liman ya tsuguna nesa kaɗan da ita, ya ba ta labari. A zaɓukan da suka wuce wani malami ɗan yankin ne ya riƙe rumfar. Abin da aka jefa daban, abin da ya rubuta daban. Da magana ta fito, gida biyu da suke surukan juna suka ɗauki sanduna, aka fasa wa wani kai, aka cinna wa rumbun wani wuta a shekarar da hatsi ke wuya. Malamin ya gudu ya ce ciwo. Dattawan ƙauye suka zauna suka ce a nemo wanda ba shi da ɗan'uwa a kowane ɓangare.

"Hindu ta ce akwai wata malama Kirista a Ƙaura, wadda wani babba ya aiko a ƙara ma ɗansa maki ta ƙi, har anka yi ta magana cikin kasuwa. Mu munka tahi Zurmi da ƙahwarmu munka roƙi a sa ki. Ba su yi gardama ba, don ba mai son rumfar ga. Mutanen Alhaji ma sun yarda, wai macce ce, ba ta da miji, ba za ta yi wuya ba."

"To bin nawa na mene ne?"

Liman ya ce, "Ba mu san ki ba, Malama. Bayan mun ba da sunanki sai wasu sunka ce Kiristocin Ƙaura duk sun yi wa Alhaji mubaya'a saboda hili. Na aiki Nagoggo ya ga masu shiga gidanki. Ya dawo ya ce mai kemis ɗin nan na Alhaji ya shiga, ya jima. Wallahi tun sahe nike zamne can ina kallon hannunki, ina cewa mun jawo ma kanmu. Da kinka ƙi cin tuwon gidana, na ce shi ke nan, an gaya mata mu abokan gaba ne."

Comfort ta nemi Inna Hindu da ido, ta hango ta can bakin rijiya da sauran matan ruga. Ta tafi har wurinta ta durƙusa.

"Inna, ki gafarce ni."

"Tashi, tashi," in ji tsohuwar. "Da na san tambaya za ta ba ki tsoro da ban yi ba. So nike in ce ki kwana rugarmu ran Jumma'a, ki huta."

Barakatu ta kawo fura. Wannan karon ta sha har ta ga gindin kwanon. Aka ɗaure akwati a bayan keke, Nagoggo yana turawa, ita tana biye a ƙasa, don yashin hanyar ba ya tukuwa. Sai da suka kai hanyar mota suka sami wata tifa ta ɗauke su. Rana tana gab da faɗuwa ta miƙa takardarta a inda ake tattara sakamako a Zurmi. Mutumin da ya karɓa ya duba lambobin, ya dube ta, ya sa takardar a ƙarƙashin wasu takardu. Ta hangi Usmanu a barandar yana shan lemo da wasu mutane. Ta nemi a ba ta shaidar karɓa, aka ce ta dawo Litinin.

Ran Litinin rediyo ta faɗi cewa Alhaji Gado ya koma kujerarsa. Ba wanda ya taɓa gaya mata wace takarda aka ƙirga a Tungar Rimi, tata ko ta aljihun Usmanu.

Lahadin da ta biyo baya, bencin da ta saba zama a coci ya yi mata faɗi, don ba wadda ta zauna kusa da ita. Wasu matan Zumunta sun gaishe ta sama-sama. Ta ji wata tana cewa da an sami fili, taurin kan mutum ɗaya ya jawo. Bayan sujada ta tari Augustine a bakin ƙofa.

"Dattijo, me ka gaya wa Usmanu a kaina?"

Ya yi kamar an mare shi. "Ni? Sun tambaye ni wace irin mace ce ke, na ce mai haƙuri ce, ba ta da fitina. Iyakarta ke nan. Maman Rose, ni zan sayar da matar John?"

"Ka san da takardar da aka cika?"

"Allah shi ne shaidata."

Idonsa ya kawo ruwa. Ta daɗe tana kallonsa. Shekara goma sha tara ta san mutumin nan, amma ta kasa gane ko hawayen na wanda aka yi wa ƙage ne ko na wanda aka kama. Ta ce masa Allah ya ba mu alheri, ta wuce.

Kafin watan ya ƙare wata takardar ta zo, ita ma daga sama. An mayar da ita wata makarantar ƙauye gaba da Shinkafi, wajen iyaka, mai aji biyu da malami ɗaya. Fasto Ezekiel ya zo ya taya ta ɗaure kaya da hannunsa, ya ce ya so ya gaya mata gaskiya ƙarara ranar da ta je wurinsa amma tsoro ya hana shi. Ba ta tambaye shi zancen kwanon rufi ba. Takardar fili kuwa ba ta fito ba, ko saboda ita, ko dama can ba za ta fito ba.

A ƙarshen shekarar soja suka karɓi mulki. Majalisa ta watse, kujerar Alhaji Gado ta tafi da ita, aka ce ma ya tsallaka iyaka. Rose ta zo hutu da murna, ta ce a Ƙaura yanzu matan da suka juya wa uwarta baya su ne ke cewa Allah ya rama wa Malama Comfort.

"Kada ki bi bakinsu," in ji Comfort. "Allah bai juya ƙasa guda saboda takardata ba. Yana da dalilansa, bai kira ni shawara ba. Ga ni nan inda aka jefo ni, ba wanda ya ce in koma. Ko da Alhaji yana kan kujera har yau, Allah yana nan yadda yake."

Duk Lahadi takan bi motar kasuwa ta shiga Shinkafi. Masu bi a can ba su fi gida biyar ba, suna taruwa a ɗakin bayan shagon wata tela mai suna Bose. Wata Lahadi a farkon sabuwar shekara aka ce Malama ta yi addu'ar roƙo. Kafin ta fara, mijin Bose ya taso ya tura taga.

"Malama, ki bar zancen gwamnati a addu'ar nan," ya ce ƙasa-ƙasa. "Zamanin soja ne. Ba mu san wa ke tsaye a waje ba. Ko a cikinmu ma..." Bai ƙarasa ba. Kowa ya dubi na kusa da shi.

Comfort ma ta dube su ɗaya bayan ɗaya. Akwai wani sabon zuwa a ƙarshen benci, ma'aikacin kwastan, wanda ba wanda ya san garinsu. Ta ji tsohon abin nan yana motsi a ƙirjinta, yana so ya fara auna fuskoki. Ta bar shi ya yi motsinsa.

"A buɗe tagar, zafi ya yi yawa," ta ce. "In akwai mai saurare, ya ji abin da muke roƙa musu."

Bose ta miƙa hannu ta buɗe. Comfort ta rufe ido. Ta roƙi ruwan sama a damina mai zuwa, ta roƙi lafiya ga marasa lafiya. Sannan ta roƙa wa sababbin masu mulki tsoron Allah da tausayin talaka, ta roƙa wa waɗanda aka sauke jinƙai a duk inda suke. Ta ambaci mutanen Tungar Rimi, ta ambaci ekilisiyar Ƙaura da dattawanta, ba ta cire kowa ba. Da ta kai ƙarshe aka amsa da amin, wasu da ƙarfi, wasu can cikin maƙogwaro. Mijin Bose ya leƙa waje, bai ga kowa ba sai awaki a gindin katanga, ya dawo ya zauna aka ɗauki waƙa.